Duhun Dare da Tsoron Mata a Abu Na'ama

Tun da sojojin Sudan suka karɓe Sinja a watan Nuwamba na 2024, jama'armu suka fara komowa garuruwansu na bakin Nilul Azrak, akwai wata magana da ba ta fita daga bakin mata, alhali kuwa maza ba su cika kawo ta a majalisa ba, wato duhun da ke rufe hanyoyi da zarar an idar da sallar isha'i. A ganina wannan al'amari ya fi ƙarfin a kira shi raunin zuciyar mata, domin hakki ne aka tauye, kuma an daɗe ana tauye shi.

Kowa ya san abin da yaƙi ya yi tun Afrilun 2023: an kwashe wayoyi, an farke taransifoma saboda jan ƙarfen da ke cikinsu, sannan a farkon 2025 jirage marasa matuƙa suka kai wa tashar lantarki ta Marawi hari, kahraba ta ɗauke a jihohi da dama. Amma wanda ya ɗora laifin duka a kan yaƙi ya yi wa tarihi ƙwauro, domin kuwa bayan da aka gama madatsar Rusairis a 1966, har aka ƙara mata tsawo a 2013, manyan turakun da ke ɗauke da wutarta zuwa Hartum suna ratsa wannan yanki ne kamar baƙon da ya wuce bai yi sallama ba, ƙauyukanmu kuma suna kwana da fitilar ƙwai. Masu rabon arziki ba su taɓa lissafa hasken titi cikin larura ba, saboda galibinsu maza ne, namiji kuwa in ya fita da dare, ɓarawo kaɗai yake tsoro.

Wata mai shayi da na saba zama a rumfarta ta nuna mini yadda abin yake. Da can takan kai ƙarfe goma, yanzu ana kiran magariba take kashe gawayi, ta jera kofuna a cikin bokiti, ta kama hannun 'yarta, tocilar waya a ɗaya hannun, kuma ba ta haska gabanta sai ƙasa, don kada a gane mace ce tafe. "Malam," ta ce da ni, "hasken ma tsoronsa nake yi in ni kaɗai ke riƙe da shi." Cinikin dare, wanda shi ne mai albarka, ya tafi ke nan. Haka ungozoma take jiran mai rakiya, mai naƙuda tana jiranta. Haka kuma in wuta ta ɗauke injin ruwa ya tsaya, sai 'yan mata su nufi kogi da sauran duhu, a ƙasar da binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya tabbatar da yawaitar fyaɗe a cikinta.

Akwai masu kafa hujja da Ingila, inda ƙananan hukumomi ke kashe fitilun titi bayan tsakar dare don tsimin kuɗi, wani nazari na 2015 a kan hukumomi 62 kuma bai ga laifuka sun ƙaru ba. Mun ji, sai dai wannan ƙiyasi ne da bambanci, domin can akwai ɗan sanda da za a kira, kuma littafin 'yan sanda ba ya rubuta matar da ta fasa fita. Masu cewa mace ta zauna a ɗakinta kuwa, su fara gaya mana wanda zai ciyar da gwauruwar da yaƙi ya cinye mijinta.

Fitilar sola guda ɗaya a bakin kasuwa, wata a hanyar mashaya, wata a ƙofar asibiti, ba su fi ƙarfin karo-karon unguwa ba, kuma ba su jiran Marawi ko Rusairis. Amma duk inda na ga an yi irin wannan karo-karo, ƙofar masallaci aka fara haskawa, sannan dandalin da maza ke hira.