Ƙirgen Kwanakin Al'ada da Aikin Sinadaran Jiki

Daga Jere da ke Ƙaramar Hukumar Kagarko har zuwa Kafanchan, inda Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma ta Jihar Kaduna take, ƙirgen kwanaki yana cikin dabarun da ma'aurata, Musulmi da Kirista, suke bi wajen neman haihuwa ko ba da tazara. Sai dai akasarin wannan ƙirge an ɗora shi ne a kan zaton cewa kowace mace tana sakin ƙwai a rana ta 14, alhali kuwa zagayen al'ada, wanda ake lissafawa daga ranar farko ta ganin jini zuwa jajibirin dawowarsa, yakan kama daga kwana 21 zuwa 35 ga baligar mace mai lafiya.

Abin da ke tafiyar da zagayen shi ne homon, wato sinadarin da jini ke kaiwa daga wata gaɓa zuwa wata domin ya isar da umarni. Tun jini bai ɗauke ba, wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, mai suna fituwitari, yake sakin homon FSH, wanda ke sa ƙwayaye su fara nuna a ma'ajiyarsu, su kuma buhunan da ke ɗauke da su sai su fitar da istirojin mai sake kaurara shimfiɗar mahaifa. Idan istirojin ya kai ƙololuwa sai homon LH ya hauhawa farat ɗaya, buhu guda ya fashe, ƙwai ya fito. Ragowar buhun ne ke samar da furojestaron mai riƙe shimfiɗar, kuma idan ciki bai shiga ba yakan janye, shimfiɗar ta zube a matsayin jini.

Wannan zango na bayan sakin ƙwai shi ne bai cika sauyawa ba, domin yakan tsaya a wajen kwana 14, kamar yadda likitan Japan Kyusaku Ogino ya gano a shekarun 1920. Zangon farko kuwa zazzaɓi, damuwa, rama ko shayarwa duk suna iya tsawaita shi, abin da ke jefa mai dogaro da kalanda kaɗai cikin kuskuren da ba laifinta ba ne. Macen da zagayenta ke cika kwana 35 takan saki ƙwai ne a wajen rana ta 21, kuma tunda maniyyi yana iya rayuwa kwana biyar a jikinta, shi kuwa ƙwai bai wuce yini da kwana ba, kwanakin ɗaukar ciki sukan fara tun kafin ƙwan ya fito, lokacin da take ganin farin ruwa mai yauƙi kamar na ɗanyen ƙwai.