Shiri na Musamman: Masu Raba Dare Don Hoton Taurari

Shirin namu na yau zai leƙa wasu mutane ne da ba malaman falaki ba, ba kuma wanda ke biyansu ko sisi, amma sukan raba dare a waje suna ɗaukar hoton abin da ido ya kasa gani.

Mu fara da Kaza da 'Ya'yanta, taurarin nan da ke tsaye a sama da daddare lokacin sanyi. Da ido, mutum zai ƙirga shida ko bakwai. Alhali gungun ya haura taurari 1,000, kuma haskensu sai ya yi tafiyar shekara sama da 400 kafin ya iso mana. A hoto kuwa, za ka gan su lulluɓe da wani shuɗin hazo. Ƙura ce da suke ratsawa, haskensu ke dukanta.

To me ya hana ido ganin wannan? Ido ba ya ajiya. Haske na shiga, nan take ya wuce. Kyamara kuwa kamar randa ce a ƙarƙashin indararo, muddin ka bar ta a buɗe tana ta tarawa.

Sai dai akwai wahala. Duniya na juyawa digiri 15 a kowace awa, don haka in ka buɗe kyamara ka bari, taurari za su fito da dogayen jeloli. Dole a ɗora ta a kan wata na'ura da ke bin tafiyar sama a hankali. Mai ɗaukar zai ɗau hoto na minti biyu ko uku, ya sake, ya kuma sake har asuba. Kafin ya naɗe kaya, sai ya rufe bakin kyamarar da murfi ya ɗau hoton duhu zalla, domin ya gane dattin da na'urar ke haifarwa da kanta ya cire shi. Sannan manhaja irin su Siril, wadda kyauta ce, ta haɗe hotunan su zama ɗaya. A nan ne jan launin iskar haidurojin ke bayyana, misali a gajimaren Orion, wani gajimaren iska da ke can cikin taurari, wanda a madubin hangen nesa toka-toka kawai ake ganinsa.

Wannan gajimare shi likita Henry Draper ya fara ɗauka a Amurka a 1880. A 1883, Andrew Common ya ɗauke shi daga bayan gidansa a Landan, hoton ya nuna taurarin da ba a iya gani ta madubin da ya ɗauka da shi. Ni a ganina, bai kamata a kira wannan aiki wasa ba. Ko a 2023, masu sha'awa uku, Marcel Drechsler da Xavier Strottner da Yann Sainty, su suka sanar da gano wani ƙaton gajimaren iska a gefen tarin taurarin Andromeda, wurin da manyan cibiyoyi suka daɗe suna kallo.

Mu a nan, duhun da Turawa ke tafiya mai nisa suna nema yana ƙauyukanmu. Matsalarmu hazon hunturu ne. Mai son gwadawa ya jira daren da ƙura ta lafa kuma babu farin wata, ya fita bayan gari, ya kafa kyamara a kan abin da ba ya motsi, ya fara da daƙiƙa kaɗan.