Tsohuwa ta ce ba ta barci: a ƙirga awowinta kafin a haɗa mata ƙwayoyi

Da wuya a samu gidan da ba a jin wannan magana. Da safe ana shirin fita kasuwa a leƙa ɗakin tsohuwa, a ce: "Inna, an tashi lafiya?" Ita kuma ta ce: "Ina fa, ɗiyata, tun ƙarfe 3 idona biyu." Ɗiyar ta wuni da abin a ranta, da yamma in ta rufe rumfa ta tsaya wurin mai tiren magani ta ce a ba ta na barci, na dala goma. Ƙanenta da ke aiki a tasha shi ma ya shigo da nasa. Ga kuma maganin mura da Inna ke sha tun shekaranjiya. Kowa da kyakkyawar niyya ya zo, amma a daren nan magani uku ne za su haɗu cikin jiki guda.

Mu ƴan kasuwa mutanen lissafi ne, to mu fara da lissafi. A shekarar 2015 wata cibiyar nazarin barci ta Amurka ta fitar da ƙiyasin da likitoci ke aiki da shi: wanda ya kai shekara 65 yana buƙatar awa 7 zuwa 8 na barci. Inna ta kwanta ƙarfe 9 bayan isha'i, ta farka ƙarfe 3, awa 6 ke nan. In muka ƙara gyangyaɗin da ta yi bayan azahar a gindin bedi, lissafi ya cika. Da tsufa barci yana zuwa da wuri, ya tafi da wuri, kuma ba ya nauyi kamar na saurayi. Kukan akuya kaɗai ya isa ya tashe shi. Wannan ba cuta ba ce. Abin da ke damun tsofaffinmu da yawa shi ne zaman kaɗaici cikin duhu daga ƙarfe 3 zuwa kiran asuba, alhali duk gida na minshari.

Yanzu mu dubi ƙwayoyin. Yawancin abin da ake sayarwa ba da takardar likita ba da sunan maganin barci, asalinsa maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, wanda ke sa jiki ya mutu. Donormyl da ake samu a farmasi doksilamin ne a cikinsa. Phénergan, Piriton, Périactine da wasu mata ke sha don cin abinci da ƙiba, da garin Fervex na mura, kowanne da launin kwalinsa, amma duk ƴan gida ɗaya ne a wajen sa barci. Wanda ya sha Fervex da magariba, ya ɗora Piriton, ya rufe da Donormyl, shi a ganinsa magani uku ya sha don cuta uku. A wurin jikinsa kuwa abu guda aka ninka masa sau uku.

Hanta da ƙodar tsoho ba sa wanke magani da sauri. Ƙwayar da ɗan shekara 30 zai sha ya tashi garau, ɗan shekara 75 zai wayi gari tana nan cikin jininsa. Baki ya bushe, ciki ya ɗaure, ido ya yi hazo, kai ya yi jiri. Tsohon da dama fitsari ke yi masa gardama saboda kumburin furostat, wannan magani na iya toshe masa shi gaba ɗaya, sai an kai shi likita an sa masa roba. Mai wani nau'i na hawan jinin ido yana iya tashi da ciwo mai tsanani. Wani kuma ya ruɗe, ya kasa gane jikokinsa, a ce gigin tsufa ne ya zo, ko a tafi neman wanda ya yi masa jifa, alhali abin yana cikin ledar da ke ƙarƙashin matashinsa.

Amma abin da ya fi ba mu tsoro shi ne faɗuwa. Tsohuwa ta tashi cikin dare za ta ban ɗaki, tsakar gida babu fitila, ga turmi, ga igiyar tunkiya, ga magani a kai. Ƙashin ƙugu in ya karye a wannan shekaru, da yawa ba sa sake tsayawa da ƙafarsu, kuma duk jarin da aka tara a rumfa yana iya ƙarewa a jinya. Don haka ne jerin magungunan da likitocin tsofaffi na Amurka ke cewa a guje musu, wanda likita Mark Beers ya fara a 1991 aka kuma sabunta a 2023, ya sa irin waɗannan ƙwayoyi a ciki. Wani bincike da aka yi a birnin Siyatil kan tsofaffi sama da 3.000, aka buga a 2015, ya ga cutar mantuwa ta fi yawa a cikin waɗanda suka shafe shekaru suna shan magungunan wannan dangi. Kuma ga abin takaici: bayan kwana 3 ko 4 jiki ya saba, barcin ya daina zuwa, illar ce kawai ta rage. Takardar da ke cikin kwalin Donormyl kanta kwana 2 zuwa 5 ta ce.

A kan tire akwai abin da ya fi waɗannan haɗari. Diyazefam, wato Valium, ba a yarda a sayar da shi ba sai da takardar likita, amma kowa ya san ana ƙirga shi ɗai-ɗai a tasha. A jikin ɗan shekara 80 yana iya yin kwana 3 kafin rabinsa ya fita, wato na yau ya tarar da na jiya da na shekaranjiya. In aka haɗa shi da tramol da tsoho ke sha don ciwon gwiwa, ko da ruwan maganin tari mai kodin, numfashi ne ke raguwa cikin barci, wani lokaci ya tsaya. Wanda ya daɗe yana shan diyazefam kuma kada a ƙwace masa shi rana ɗaya, don yana iya sa farfaɗiya; likita ne zai rage shi da kaɗan-kaɗan.

Sau da yawa abin da ke hana barcin yana gabanmu. Goro da la'asar, shayi kofi uku bayan magariba, Nescafé: sinadarin da ke cikinsu yana yin wajen awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Baba ya tauna goro ƙarfe 6, mu ba shi ƙwaya ƙarfe 9, kamar mai kora jaki gaba yana kuma jan wutsiyarsa. Akwai maganin hawan jini mai sa fitsari, irin Lasilix, wanda aka fi so a sha da safe. Akwai ciwon sukari da ke tada mutum sau huɗu a dare, da ciwon gaɓoɓi, da sauro, da zafin watan Afirilu cikin ɗakin kwano. Akwai tunanin bashi da na ɗa da ya tafi ci-rani shiru. Babu ɗaya cikinsu da Piriton ke warkarwa.

Abin da muke ba da shawara mai sauƙi ne. A tattara duk abin da tsoho ke sha, na farmasi da na tire da na gargajiya, a zuba cikin leda guda a kai wa likita ko mai farmasi ya duba. Mutum ɗaya a gida ya riƙe ledar, shi kaɗai ke bayarwa. A rage barcin rana zuwa rabin awa, a bar tocila kusa da shimfiɗa, a kawar da kaya daga hanyar ban ɗaki. In kuwa an tashi tsoho ya ƙi tashi, ko numfashinsa ya yi ƙasa, a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa madara ko ruwa, a nemi abin hawa zuwa likita nan take, a tafi da kwalayen duka.