Tashar Jirgin da Ta Matsa Gefe

Yau shirin namu ya yada zango a birnin Sakai, kusa da Osaka a ƙasar Japan, inda wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta tashi daga mazauninta, ta koma gefe.

Sunanta Hamadera-koen. An gina ta da katako a 1907, lokacin ko Kano jirgi bai isa ba tukuna. Wanda ya zana ta, Tatsuno Kingo, shi ne kuma ya zana babbar tashar Tokyo. A 1998 hukuma ta sanya ta cikin gine-ginen tarihi.

To me ya tashe ta? Kamfanin Nankai da hukumomin birnin sun yanke shawarar ɗaga layin dogo sama a kan gada, don motoci su huta da tsayuwa a mararraba suna jiran jirgi ya wuce. Ginin kuwa ya tare wa aikin hanya. A 2016 aka daina sayar da tikiti a cikinsa.

Rushewa ta fi sauƙi, ta kuma fi arha. Amma ba a yi hakan ba. A ƙarshen 2017 ma'aikata suka raba ginin da harsashinsa, suka zura masa ƙarafa ta ƙasa, suka ɗaga shi da jak kaɗan-kaɗan, kowace kusurwa daidai da 'yar'uwarta, don in ɗaya ta riga sauran, bango ya tsage ke nan. Sannan suka ɗora shi a kan dogo, aka riƙa jansa a hankali kamar ana raka amarya, har kimanin mita 30. Ka ji ikon Allah, ginin da ya shekara fiye da 100 yana kallon jirage na wucewa, sai ga shi shi ma a kan dogo!

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su garƙame shi ya zama gidan jemagu ba. Tun 2018 aka buɗe wurin shan shayi da ɗakin nune-nune a ciki, mutanen unguwa na shiga suna fita. Shirin da ake da shi, idan aikin gadar ya kammala, a sake jan ginin ya zama ƙofar shiga sabuwar tashar.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.