Daidaita Lissafin Sinadarai: Abin da Ya Shiga Shi Zai Fita

Damin itace idan ya ƙone, tokar da yake bari ba ta cika ƙaramar ƙwarya ba. Mai kallo sai ya ce sauran ya salwanta. Masanin kimiyya ɗan Faransa, Antoine Lavoisier, ya nuna cewa ba haka ba ne. Ya riƙa auna sinadarai a rufaffen mazubi kafin su haɗu da bayan sun haɗu, ya tarar nauyinsu bai ƙaru ba, bai ragu ba. A littafinsa na 1789 ya bayyana wannan doka. Sauran itacen iska ya bi, ya zama hayaƙi da tururi da iskar kabon dayoksaid.

A kan wannan doka aka gina darasin daidaita lissafin sinadarai, wanda ke tayar wa ɗaliban sakandare hankali in jarrabawar WAEC ko NECO ta ƙarato. Ka'idar ɗaya ce: yawan atam na kowane sinadari a hagun kibiyar lissafin dole ya yi daidai da na dama.

Mu duba ruwa. In aka rubuta H₂ + O₂ → H₂O, oksijin biyu ne a hagu, ɗaya a dama. Ɗalibi mai gaggawa sai ya mayar da H₂O zuwa H₂O₂, ya ce ya gama. To ya bar ruwa, ya koma wani sinadarin da ake wanke rauni da shi. Ƙananan lambobin ƙasa su ke fayyace ko wane sinadari ne, ba a taɓa su. Manyan lambobin gaba ake sauyawa: 2H₂ + O₂ → 2H₂O.

Ga furofen, ɗaya daga sinadaran gas ɗin girki: C₃H₈ + O₂ → CO₂ + H₂O. A fara da kabon: uku ne a hagu, sai a sa 3 gaban CO₂. Haidurojin takwas ne, sai a sa 4 gaban H₂O. Oksijin a bar shi ƙarshe, domin shi kaɗai yake tsaye, sauya lambarsa ba ya ɓata sauran. A dama akwai shida da huɗu, goma ke nan, sai a sa 5 gaban O₂. Amsa: C₃H₈ + 5O₂ → 3CO₂ + 4H₂O. Sikeli ma ya shaida: giram 44 na gas da 160 na oksijin suna ba da giram 132 na kabon dayoksaid da 72 na ruwa, wato 204 a kowane ɓangare.

Wannan 5 ɗin tana da ma'ana a rayuwa. In oksijin ya gaza, wuta ba ta cin abin da take ci sosai, sai kabon monoksaid ta fito, iskar da ba ta da launi ko wari, wadda ke hallaka mutanen da suka kwana da gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki. A masana'antar siminti kuwa, irin ta Obajana ko ta Sakkwato, lissafin CaCO₃ → CaO + CO₂ ne ke gaya wa injiniya cewa tan 100 na tsantsar dutsen farar ƙasa zai ba da tan 56 na abin da ake nema, 44 su tafi iska.

Saboda haka ina roƙon malamai su daina sa yara haddace amsoshi. A koya musu ƙirga atam ɗaya bayan ɗaya, a nuna musu inda lissafin yake aiki. Ɗalibin da ya gane dalili, ko an kawo masa tambayar da bai taɓa gani ba, zai warware ta da kansa.