Raddi Kan Cewa Tsohon Hoton Bature Ba Ya Ƙarya

Daga Ngojin har cikin garin Potiskum, matasa masu son tarihi na yaɗa tsofaffin zane-zanen Turawa na Kukawa da Kano a Facebook, suna cewa ga ainihin yadda kakanninmu suke, tunda gani ya kori ji. Kishinsu abin yabo ne, kuma zanen na da amfani: a ciki ana ganin sulke da lifidi da fasalin birni. Sai dai ina roƙon 'yan'uwa mu duba hannuwan da hoton ya bi kafin ya iso gare mu.

Denham da Clapperton sun isa Kukawa a 1823, zamanin Shehu Laminu, gwamnatin Ingila ce ta aiko su. Littafinsu ya fito a Landan a 1826. Matafiyi ya zana abin da ya gani a gurguje, sai wani gwani, Edward Finden, ya sassaƙa shi a farantin ƙarfe don bugawa, alhali bai taɓa taka Borno ba. Haka hoton Kano daga kan Dala da ke littafin matafiyi Barth na 1857: Barth ya yi zanen farko, Bajamushe Bernatz ya kammala shi a Turai. Duk giɓin da matafiyi ya bari, mai sassaƙa ne ke cikewa daidai da abin da mai saye ke son gani. Shi ya sa za ka ga barde ko mai mashi ba suna, sai ƙabilarsa kawai aka rubuta a ƙasa.

Da mulkin mallaka ya zo, manufar ta fito fili. A 1900 aka buga kan sarki mai ɗauke da fuskar Sarauniya Biktoriya da sunan Nijeriya ta Arewa, alhali Kano da Sakkwato ba su faɗi ba sai 1903. Takarda ta riga bindiga yin iƙirarin mallakar ƙasa.

Don haka kada mu yar da hotunan, kada kuma mu ba su kujerar alƙali. Shaidu ne, kuma shaida akan tambaye shi wa ya aiko shi. Mu auna su da rubutun Imam Ahmad ibn Furtu kan Mai Idris Aloma, da Tarihin Kano, da abin da dattawan Ngizimawa da Bolawa da Karekare suka riƙe. Matasanmu su je su ɗauki muryar dattawan nan tun suna raye.