Daga Kaka zuwa Bazara: Shekarar Ƙaramin Ɗan Dambe

A Fakku, kamar sauran garuruwan Kebbe da Tambuwal, ba a maganar wasa sai gero ya shiga rumbu an fara yankan dawa. Daga nan samari ke samun sarari. Mafi yawansu jakar cin-rani suke ɗaurewa, wasu su nufi aikin albasa a fadama, wasu acaɓa a birni. Amma akwai 'yan tsiraru da kayan sana'arsu bai wuce zare da tsumma da layu ba, kuma su ma cin-ranin za su.

Ba manyan da ake gani a waya nake nufi ba, masu damben mota. Ina nufin yaron da sunansa ma aro ne: Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane. Maigidansa ake kira kafin a kira shi. Shi ke ɗaukar jaka, shi ke riƙe ruwa, shi ake fara turawa fili da la'asar tun mutane ba su gama shigowa ba.

Asalin damben na mahauta ne, kuma asalin lokacinsa kaka. Rundawa kan bi gari gari bayan girbi, lokacin da manomi ke da abin kyauta, a yi biki a yi dambe a ci nama. Ƙasar Sakkwato ta san wannan fiye da kowa, domin ita ta haifi makaɗi Ɗan Anace, wanda ya sa sunan 'yan dambe Shago da Ɗan Dunawa ya kai inda ƙafarsu ba ta taka ba. Yau damben ƙauye ya ragu. A yankin da ke maƙwabtaka da Zamfara, inda mutane ke kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda 'yan bindiga, wa zai tara jama'a a bayan gari har dare? Sai wasan ya koma gidajen dambe na birni, masu katanga da mai karɓar kuɗin ƙofa. Yaro ya hau babur ya fito titin Tambuwal, ya tsaya yana lissafi: Kano ce, ko Dei-Dei ta Abuja, ko ya bi Jega da Yawuri da Kwantagora har Alaba Rago a Legas?

Lissafin ke nan da ba ya barinsa har bazara.

Ka tsaya kusa da shi lokacin naɗin hannu ka gani. Ana fara lulluɓe dunƙulen da tsumma, sannan a bi da zare, zagaye bayan zagaye, wani ya ja da ƙarfi har yatsu su daina motsi. Ga tsagar magani a damtse, ba ta gama warkewa ba. Mai kalangu ya taɓa takensa sau ɗaya ya wuce wurin wanda ya fi shi suna, domin makaɗi ma abinci ya fito nema. Maigidan ya duba naɗin ya ce, "Yaro, kar ka yi gaggawa, bari shi ya kawo kansa." Ya amsa, "To, Maigida." Turmi uku ne. In hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, in ba haka ba a raba su babu kisa. Wanda ya yi kisa shi ke zagaya fili 'yan kallo na yi masa kari. Wanda aka kashe sai abin da mai gidan damben ya sallame shi da shi, kuma daga ciki za a ci tuwo, a sayi man zafi, a aika gida.

Wani zai ɗauka wannan talaucin namu ne kawai. Amma ko a golf, wasan da muke wa kallon na masu hannu da shuni, ƙananan 'yan wasa haka suke fama. Suna biyan kuɗin shiga gasa da na masauki da na mai ɗaukar musu jaka daga aljihunsu, kuma bayan kwana biyu na wasa a sallami kusan rabinsu ba ko kwabo. A shekarun 1970 da 1980 irin waɗannan kan gudo wa sanyin Turai su zagaya Najeriya da Kenya da Zambiya, suna buga ƙwallo a filin Ikoyi na Legas, inda a lokacin yashi da mai ake shimfiɗawa kewayen rami maimakon ciyawa. Nan Sandy Lyle ya ci gasar Najeriya a 1978, Vijay Singh ɗan Fiji ya ci a 1988, kuma a 2004 ya zama na ɗaya a duniya. Su biyun ake tunawa. Ɗaruruwan da suka koma gida da bashin jirgi babu mai lissafa su.

Bambancin shi ne ɗan golf na da tsani a rubuce: ka tara maki kaza, ka hau mataki na gaba. Ɗan damben Fakku tsaninsa bakin mutane ne. Sai ya kashe wani mai suna, a gaban jama'a, kuma a yi sa'a wani ya ɗauka a waya ya watsa a Facebook ko YouTube. Ni a ganina wayar nan ta yi wa manya rana fiye da ƙanana, domin wanda aka riga aka sani shi ake nema a kalla. Shi kuwa ƙaramin, sau da yawa bidiyon da zai fara yawo da sunansa na ranar da aka kwantar da shi ne, kuma kafin ya dawo gida yaran unguwa sun gama kallo.

Da azumi gidajen dambe kan rufe, sai a jira wasan salla. A tsakanin nan wasu su koma fawa, wasu dako a kasuwa. Haƙori kan fita, yatsa kan goce, kuma mai ɗori ne asibitin yawancinsu. Da hadari ya fara haɗowa a watan Mayu ko Yuni, uba zai aiko a faɗa wa yaron ana shirin shuka. Wanda rani ya yi wa kyau ya dawo da babur ko kuɗin taki. Wanda bai yi wa ba ya ranci kuɗin mota wurin ɗan garinsu, ya sauka Tambuwal da yamma, ya nemi mai babur ɗin da zai yarda a biya shi a gida.